Bindigar Hannun Hagu

Esbjerg, Denmark, farkon Nuwamba

Jelmer, yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jikin yana ƙara sauƙi. Ya Baukje, ya fama da kai? Na san jan aiki ne, don ko mura ce ta kama ka sai matarka ta gwammace ita ce a kwance. Ni lafiyata lau, sai iskar teku da ta busar mini da leɓe. Har yanzu muna tsakiyar ruwa muna gyaran injinan iska masu samar da lantarki, mu daɗe a jirgi, mu sauko mu ɗan huta, mu koma.

Baukje ta ce tun da ɓarin jikin nan ya shanye ba ka son waya, saboda harshe yana yi maka nauyi, kuma likitar motsa jiki ta ce ka riƙa rubutu da hagu. To ga dalili na samar maka. Ni zan rubuto, kai kuma dole ka amsa, ko da rubutun zai fito kamar tonon kaza.

Buɗe kwalin a hankali. Ka gane ta? Ita ce shuɗiyar bindigar wasan nan da ka rubuta a shafinka na intanet cewa ko kyanwa aka harba da ita sai dai ta yi hamma, ka ba ta uku bisa goma. A kasuwar tsofaffin kaya na tsince ta. Na kwance ta kaf, na cire 'yar robar da masu ƙera ta suke sakawa don rage iska, na toshe duk inda take yoyo, na shafa giris, na sabunta mata fenti, sannan na sa mata sifirin mafi ƙarfi da ya yarda ya shiga cikinta. Sai da na sa gwiwa na danne kafin murfin ya rufu. Yanzu in harsashin soso ya daki ƙofa, sai ka ce an tafa hannu. Na auna gudunta, tana dab da iyakar da ƙungiyarmu ta wasan harbi ta yanke. Kaɗan ya rage Onno mai na'urar awo ya hana ta shiga fili. Bakin kuwa na bar shi ruwan lemo yadda kowa zai san abin wasa ne, kada ka fara mini wa'azi.

Tun yaushe muke haka, ni in gyara, kai ka gwada ka kushe a gaban duniya? Mutane sun dame ni da tambayar ranar da shafin zai dawo. Ni ba shafin ne ya dame ni ba. So nake in ji ka koma fili ranar wasan buɗe shekara a watan Afrilu, cikin mutanenka, da wannan a hannunka.

Na sa maka baƙar alewa mai gishiri a gefe. Ta nan ba ta kai tamu ba, amma ka yi maneji.

Ƙanwarka,
Renske

*

Dokkum, Holland, Nuwamba

Auta,

Muna lafiya. Baukje tana gaishe ki. Ƙafa ta fara jin magana, hannun dama bai fara ba.

Kwali ya iso. Aiki ya yi kyau. Na rataye ta a bango.

Alewar ba gishiri.

Jelmer

*

Esbjerg, ƙarshen Nuwamba

Jelmer,

Ina gaishe ku, da fatan an tashi lafiya. Na ji daɗin labarin ƙafa. Hannun ma zai biyo baya, taurin kai ne irin na gidanmu. Ni ma ƙalau, sai mura da ta zagaye jirgin duka ta zo ta tare a kaina.

'Yan layukan nan naka na karanta su har takardar ta yi laushi. Bango, Jelmer? Bangon ɗakin aikinka, inda ba ka rataye komai sai wadda ta ci tara ko goma? Tun muna yara nake kwance bindigogi ina ɗaurawa, ban taɓa samun ƙusa ɗaya a bangon nan ba. Ko koriyar nan da ka ci gasar Groningen da ita, ƙarƙashin tebur ka cusa ta. Na nuna wa abokan aikina takardar. Ba su gane komai ba, amma sun ga ina murna, suka ce sai na saya musu kek.

Na kira Onno na ce ya sa sunanka a wasan Afrilu. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce mutumin da ya rataye aikina a bango ai ya dawo da ƙarfinsa. Na kuma samo wani sifirin da ya fi wancan kauri, zan haɗa maka ta biyu, ta harbin nesa, yadda za ka zauna a ƙarshen fili kana tsince su ɗaya-ɗaya.

Saura sharhi. Kada ka ji kunyar yabona, sau ɗaya ne a rayuwa.

Renske

*

Esbjerg, tsakiyar Janairu

Jelmer,

Barka da sabuwar shekara, da fatan kowa lafiya. Ni lafiya lau.

Shirun ya yi yawa. Na aiko katin Kirsimeti, ba amsa. Na kira, Baukje ta ce kana barci, da rana tsaka. In fushi kake don ban zo Kirsimeti ba, ka san ba ni nake tsara aikin ba. Wanda ba shi da yara shi ake bari a jirgi. In kuma alewar ce, ka faɗa. Ta biyun ta kusa, sai dai har yanzu na kasa rufe murfinta ni kaɗai.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Hankalina ba a kwance yake ba.

Renske

*

Dokkum, ƙarshen Janairu

Renske,

Ina gaishe ki. Jikin yayanki da sauƙi: yana zuwa har bakin gada ya dawo ba sanda, yana cin abinci, maganar ma ta fara fita. Kafaɗar dama tana ɗan motsi in likita ta matsa masa. Ni ce dai na gaji. Na gaya masa zan rubuto miki, ya ce in yi abin da na ga dama, to ga shi ina yi.

Renske, bindigar nan bai harba ta ko sau ɗaya ba. Ba ya iya ɗana ta. Ranar da ta iso fuskarsa ta washe yadda ban gani ba tun kafin asibiti. Ya riƙe ta da hagu, sai ya tsaya yana kallon abin da ake ja baya, wanda yake son hannu na biyu. Ya matse ta tsakanin gwiwoyi ya ja, ta ƙi. Ya tokare ta da gefen tebur ya danna da ƙirji, ta suɓuce ta fasa masa leɓe. Na ce kawo in ja maka. Wallahi ni mai hannu biyu sai da na yi nishi. Na miƙa masa a ɗane, bai ko taɓa kunamar ba, ya ce in samo ƙusa da guduma. Ni na buga ƙusar. Daga nan ya kulle ɗakin, makullin yana cikin gwangwanin sukari har yau.

Ba ke kaɗai ba ce. 'Yan ƙungiya sun zo ranar bikin haihuwarsa, suka zauna a da'ira da kofi da kek, kowa yana yi masa magana a hankali da ƙarfi kamar kurma. Onno, wanda ba ya buɗe baki sai ya kira shi makaho mai harbin bishiya, shi ne yake gyara masa matashin kujera. Bayan sun tafi ya ce mini, "Kin gani ko? In na shiga fili ba wanda zai harbe ni. Kuskure za su riƙa yi da gangan." Jiya ya ce in kira Onno ya zo da mota ya kwashe komai na ɗakin a raba wa ƙungiya. Na ce motar Onno tana gareji. Ƙarya nake, kuma ba mai daɗewa ba ce.

Kin san ban taɓa son wasan nan ba. Manyan mutane da furfurarsu suna ɓuya bayan bishiya. Na tsinci soson nan a injin wanki, a cikin takalmina, har a tukunyar miyar wake. Yanzu gidan tsaf yake, kuma ba na son shi haka. Ina jin tsoro, Renske. In aka kwashe ɗakin nan, ban san abin da zai riƙa tashe shi daga gado da safe ba.

Don Allah kada ki aiko ta biyun.

Baukje

*

Esbjerg, Fabrairu

Jelmer,

Ina gaishe ka. Ka gaishe da Baukje, ka kuma gode mata, don ta fi ni da kai hankali. Na ji kana zuwa gada ba sanda, madalla.

Da na gama karanta wasiƙarta na sa hannun dama a aljihu, na ce Mads abokin aikina ya naɗe ni da salatif, na ɗauki ta biyun da hagu. Mads ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ban yi ba. Na gwada gwiwa, na gwada tebur, har haƙori na gwada. Ka san cutarmu: duk wanda ya buɗe cikin bindiga, abin da ke kansa kawai ta ƙara ƙarfi. Ban taɓa jin wanda ya kwance ta don ya rage mata ba. Na zauna ina tunanin abin da zai burge Onno da na'urarsa, ban tuna hannun da zai riƙe ta ba. Na ji kunya, kuma na yi kuka, a gaban Mads, da salatif a jikina.

Amma kai ma ina da magana da kai. "Aiki ya yi kyau"? Kai? Mutumin da sharhinsa ya sa rabin masu gyara a arewacin ƙasar nan suka daina gaishe shi? Kana ƙorafin mutane suna lallaɓa ka, ga shi kai ma ka lallaɓa ni. Tsakanin ni da kai, kai ne ka fara yin kuskure da gangan.

Ina son sharhina. Na gaskiya, da maki, irin wanda kake yi wa kowa. Ka faɗi duk abin da ya hana ta aiki a hannunka, don ni daga nan ba na gani. Akwai kuma masu batir da ba sa buƙatar ja, in kana so. Kada kowa ya taɓa ɗakin nan kafin in ji daga gare ka.

Renske

*

Dokkum, ƙarshen Fabrairu

Auta,

Muna lafiya. Kafaɗa tana motsi, gwiwar hannu ta fara lanƙwasa kaɗan in na yi mata tsawa. Wannan wasiƙar ta ci mini kwanaki, ki yi haƙuri da layukan da suka gangara.

Mai batir? Ni? Shekara da shekaru ina rubuta cewa injin niƙa ce mai sanar da abokan gaba inda kake. Ga nauyi. In aka gan ni da ita sai a ce ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Ga sharhinki.

Wannan bindiga an yi ta ne don mutum mai hannu biyu da ƙarfin bijimi. Mai gyaran ta san aikinta: ba yoyon iska, ba abin da ke girgiza, fenti bai taɓa bakin ba. Sai dai ta manta ta tambayi wa zai harba. Ja baya ba ya yiwuwa. Nauyin duk yana gaba, hagu tana rawa kafin a gama saiti. Maɓallin cire gidan harsashi yana inda babban yatsan mai dama yake, na mai hagu sai dai ya aika masa da gaisuwa. Gudu kuwa an ce tana da shi, mai sharhi bai gani ba. Biyu bisa goma: ɗaya na fenti, ɗaya na kwalin, don kyanwa tana jin daɗin kwana a ciki.

Na ji daɗin rubuta wannan fiye da yadda ya kamata. Baukje ta ce ta ji ni ina dariya ni kaɗai.

Kin ce in faɗi komai. Hagu ba ta iya ja in babu mai riƙe mata. Amma tana iya dannawa ƙasa. In abu ya maƙale a bel ɗina, ina sa masa nauyin jikina, haka nake yi da abubuwa da yawa yanzu. Ban ce ki yi komai ba. Ban kuma ce zan je Afrilu ba.

Onno bai zo ba. Wai motarsa har yanzu tana gareji. Na gan ta ta taga ta wuce ƙofar gidanmu, ta kuma dawo. Ban gaya wa Baukje ba.

Jelmer

*

Esbjerg, tsakiyar Maris

Jelmer,

Gaisuwa, da fatan gwiwar hannun tana jin tsawar. Ni lafiya. Biyu bisa goman nan na manna ta a ƙofar kabad ɗina, kullum da safe sai na gaishe ta.

Ga ta uku. Kada ka yi dariyar girmanta. Ƙarama ce, irin ta yara, mai ganga mai juyawa da ke cin harsashi shida. Na cire sifirin ɗinta, na je shagon da nake saye na ce a ba ni mafi laushi. Mai shagon ya ce, "Mafi ƙarfi dai." Na ce mafi laushi. Ya leƙa fuskata kamar zai ba ni ruwa in sha. A ƙarshe ya tono wani daga ƙasan akwati, ya ce tun da ya buɗe shagon ba wanda ya taɓa tambayarsa.

A bayanta na sa zoben ƙarfe. A cikin kwalin akwai bel mai ƙugiya. Ka maƙala zoben a ƙugiyar, ka danna ƙasa, za ka ji ƙas, ta ɗanu ke nan. Kusa da ƙugiyar akwai ɗan aljihun fata da za ka tsayar da ita a ciki, baki sama, ka cusa harsasai da hannu ɗaya. Da yake iskar kaɗan ce, ban bar mata ko ƙofar allura ta tserewa ba, kuma wannan ya ba ni wahala fiye da duk sifirin da na taɓa dannawa da gwiwa. Duk gwajin da hannu a ɗaure na yi shi. Yanzu Mads da ya hango ni sai ya ɗauko salatif ba tambaya.

Ba zan ɓoye maka ba, ba ta nisa. Dole ka matso kusa da mutum har ka ga idonsa a bayan tabarau ɗin kariya. Amma inda ka nuna nan take zuwa.

Afrilu ina jirgi, ba zan samu zuwa ba. Wannan karon ban kira Onno ba, ban kira kowa ba. In ka je, to. In ba ka je ba, ka harbi Baukje a kicin, na ji tana kewar soso a miya.

Renske

*

Dokkum, Afrilu

Auta,

Gaisuwa daga ni da Baukje. Lafiya lau, sai cinyoyi da ke ciwo, da wani jan tabo a wuya wanda nake nuna wa duk wanda ya shigo gidan.

Na je. Baukje ta kai ni dajin bayan filin ƙwallo, ana yayyafi kamar kullum. Da suka gan ni aka fara abin nan: murya ƙasa-ƙasa, wani ya ruga ya kawo kujera. Na bi layin awo kamar kowa. Onno ya karɓi 'yar bindigarki ya harba ta cikin na'ura, ya dubi lambar, ya bubbuga na'urar, ya sake. Ya ce tun da ya sayi abin bai taɓa ganin lamba ƙasa da wannan ba. Dariya ta taso masa, ya haɗiye. Wannan haɗiyewar ta fi komai ƙona mini rai.

Aka busa usur. Abin da na faɗa wa Baukje shi ya faru. Harsasai suna wucewa dama da hagu, nesa da ni, daga mutanen da na san suna iya samun murfin kwalba daga ƙarshen fili. Na tsaya a sarari kamar saniya, ba wanda ya same ni. Na kusa juyawa in koma mota.

Sai na hango Onno a bayan itacen nan da ya faɗi, ya ba ni baya, don a ransa ba na cikin lissafi. Na ja ƙafata a kan ganye, duk ƙarar da take yi bai waiga ba. Na maƙala, na danna, ƙas. Na matso har ina ganin ɗigon ruwa a kan sanƙonsa. Nan na ɗora masa. Ya ɗaga hannu ya fita yana waigena baki buɗe. Na bi ta bayan sauran na cire wasu biyu kafin su farga, don ba wanda yake gadin ɓangaren da gurgu yake.

Zagaye na biyu Onno ya dawo fuska jajur. Tun daga nesa ya daka mini tsawa, "Kai makaho mai harbin bishiya, yau za ka gane kurenka." Auta, ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Kafin in sami bishiyar ɓuya ya same ni a wuya, da zafi, kuma da niyya.

Kin san doka: wanda aka samu ya ɗaga hannun da ba ya riƙe da bindiga, ya fita. Na fara tafiya. Sai na ji wani harsashin a gadon baya, tas. Na juya na ce ai na mutu, na fita wasa. Onno ya ce, "Ban ga hannu ba. Wannan da ka tsayar a ƙirji ba ɗagawa ba ne, sama ake kaiwa." Na duba. Hannun dama ne, a lanƙwashe, ya kai ƙirji. Ban san lokacin da ya tashi ba. A ɗakin likita sai na yi gumi kafin ya kai nan, yau ba wanda ya roƙe shi. Onno ma sai a lokacin ya gane abin da ya faɗa, ya tsaya cak da bindiga a hannu. Baukje tana bakin fili da flas ɗin kofi, ta juya mana baya tana ta laluben jaka. Can Onno ya share hanci ya ce doka doka ce, wata mai zuwa in hannun bai wuce kafaɗa ba, zai sake harbina.

Sharhi zai fito a shafi ranar Lahadi, da yatsa ɗaya nake bugawa. Takwas bisa goma. Kada ki yi ƙorafi: ƙugiyar tana cizon ciki, kuma harsashi shida sun yi kaɗan ga mai abokan gaba irin nawa. Ba za ta hau bango ba. Tana jikin bel a bayan ƙofar kicin, inda hannu zai same ta. Makullin ɗaki ya fito daga gwangwanin sukari, kuma jiya Baukje ta tsinci soso a tukunya, ta yi faɗa har maƙwabta suka ji.

In kin sauko daga jirgi ki zo wasan Mayu, da tabarau ɗinki. Na riga na ce Onno ya sa ki a ɓangarensu. Akwai maganar leɓena da ba mu gama ba.

Yayanki,
Jelmer